Kan Sigarin da Na Zaɓa wa Yaya Lawali

Mu biyu muka tafi, ni da wana, Yaya Lawali. Shi magini ne, ya girme ni da shekara tara. Ni kuwa naɗin waya na koya a Kasuwar Dole ta Damagaram: fanka, injin markaɗe, rediyo, duk abin da ke da waya a cikinsa in ya ƙone ni ake kawo wa. Gidanmu a unguwar Birni gidan maƙeran fari ne tun kaka da kakanni, kuma babanmu kafin ya rasu yana da wata magana, wai abin da ba ka iya buɗewa ba naka ba ne, aro aka ba ka. Da ita na tashi, kuma ita ta sa na zama mai taurin kai irin wanda ba ya tambayar kowa hanya.

Yadda muka bar gida ba labari ba ne, kowa ya san yadda ake barin gida. Labarin ya fara ne bayan mun ƙetare iyakar Aljeriya, inda direban da ya ɗauko mu ya tsayar da mota da sassafe, ya ce kowa ya sauka. Ya nuna mana wani dogon ƙarfe can nesa, ya ce gari ke nan, kafin shayi ya huce mun isa. Ya juya motarsa ya tafi. Shayin nan bai huce ba sai bayan la'asar. Mu goma sha wani abu, muna tafe cikin yashi da tsakuwa, ƙarfen kuma kamar ana jan sa da igiya.

A wannan tafiyar na fara jin tsoron tarin Yaya. Ya fara shan sigari tun yana ɗauko wa magina ƙasa, sama da shekara ashirin ke nan. Innarmu ba ta taɓa ganin sa da kara a baki ba, amma ita ke wanke masa riguna kafin ya yi aure, don haka ta sani. Ni ma na sani, kuma ba hurumina ba ne in ce masa uffan, ƙane ba ya yi wa wa faɗa. Ran nan sau huɗu yana durƙusawa yana tari, hannu a gwiwa, kuma duk lokacin da ya miƙe ba gorar ruwa yake nema ba, ashana yake lalubawa.

Na daure na ce, "Yaya, ka bari mu isa mana."

Ya ce, "Mutari, in ban sha ba ne ba za mu isa ba."

Wani tsohon Buzu da muka tarar a gindin ƙaya da awakinsa shi ya cece mu. Bai tambaye mu daga ina ba. Ya kwance salka ya miƙo, ya zuba wa Yaya dabino a tafin hannu, ya nuna mana inda za mu karkata. Har yau in na yi sallah ina sa shi a addu'a, ban san sunansa ba.

A Tamanrasat mun yi wata biyu. Garin bai yi mana baƙunta sosai ba, don akwai unguwar da in ka rufe ido za ka rantse kana Zangon Damagaram, Hausa ko'ina, har masu tallar ƙosai. A nan muka san Malam Habu, mutumin Tirmini, wanda sana'arsa kai-da-komo ce tsakanin can da gida, yana ɗaukar saƙon mutane. Yaya ya samu aikin gini, ni ina kwaɓa masa siminti, abin da ban taɓa yi ba. Ya yi ta tsokana ta, wai hannuna na masu saƙa ne. Da aikin ya ƙare aka ce mana arewa ta fi, muka ƙara gaba.

A Gardaya sanyi ya same mu, irin wanda ba mu san shi ba, mai shiga ƙashi. A nan ne wata safiya Yaya ya yi tari ya tofar, ya yi sauri ya tura ƙasa da takalmi ya rufe. Na riga na gani. Jini ne, ba yawa, amma jini ne. Na ja shi wajen wani mai sayar da magani, mutumin ya saurari tarin daga bayan kantarsa, ya ce da Faransanci: siminti da sigari, dole ya bar ɗaya, in ya ga dama ya bar duka biyun. Siminti shi ne abincinmu. Sai Yaya ya ce to zai bar sigari.

Kwana uku ya yi. A rana ta uku na zuba masa shayi ya ce ya yi sanyi, na ce ai yanzu na sauke, sai na ji mari. Tun muna yara bai taɓa sa mini hannu ba. Ya tsaya yana kallon tafinsa, ya fita, ya dawo yana warin taba, ya zauna nesa da ni. Ba wanda ya ƙara tada maganar.

A bakin kasuwar garin na ga wani mai tebur yana sayar da sigarin lantarki, 'yan ƙanana masu launi, ana zuƙa sai tururi ya fito mai ƙanshin mangwaro. Ya rantse mini da Allah cewa guda ɗaya tana wata uku, kuma ita ta raba kawunsa da sigari. Baƙo ko da ido makaho ne, na saya. Yaya ya juya ta a hannu ya ce, "Ka mai da ni jinjiri ke nan, ina tsotso." Amma ya sha, kuma kwana biyar ɗin da ta yi tana aiki, kara huɗu kawai ya kunna. A rana ta shida ta mutu. Na koma wajen mai tebur, ya ce bai taɓa gani na ba. Na zauna da sukudireba ina neman ta inda zan buɗe ta, babu ko ƙusa ɗaya, duk gam ne. Sai da na fasa ta da dutse. Ciki wani ɗan soso ne da ya bushe, da ɗan fil, wato batir, kamar na agogo, da waya siririya da ta ƙone. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don cutar kaɗai ba. An sayar wa mai naɗin waya wayar da ba zai iya canzawa ba.

Daga nan sai Wahran, bakin teku. Ba mu taɓa ganin teku ba, kuma ba ta burge mu ba, danshinta ya hana kayanmu bushewa. Muna kwana a cikin benen da Yaya ke aikin gininsa, a hawa na biyu, mun toshe tagogi da buhunan siminti. A garin nan na san ana iya kallon mutum kamar ba mutum ba. Ka shiga bas, wanda ke kusa da kai ya ja mayafi ya toshe hanci. Ka yi sallama a masallaci, wani ya amsa, wani ya matsa. Ranar Juma'a ce ta fi yi mini nauyi, in na tuna a gida yanzu an fito daga masallaci ana ta gaishe-gaishe a ƙofar gida, Inna ta dama fura. Amma a Wahran ɗin na samu aikina na gaskiya, a wani shagon gyaran injuna, inda maigidan ya gwada ni da fanka ɗaya ya ce in dawo gobe.

Wata rana ya aike ni gyaran fankar fitar da iska a wani shago. Ina shiga na ga hayaƙi har rufi, ƙanshi kamar na alewa. Shagon sigarin lantarki ne. Mai shagon sunansa Murad, saurayi ne sa'ana, mai yawan surutu, yana ce wa kowa "huya", wato ɗan'uwa. Da na gama gyara na ga yana zaune da wani ɗan ƙarfe a gabansa, yana naɗa waya a jikin sukudireba. Na tsaya cak. Aikina ne, sai dai ƙarami.

Da Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce shi sigarin lantarki kashi biyu ne: jiki, inda fil yake, da kai, inda waya ke yin zafi ta mai da ruwan ƙanshin da ake zuba masa tururi. Kuma akwai kan da ake buɗewa, mutum ya naɗa wayarsa da kansa, ya sa audugarsa da kansa, ya yi shekaru yana amfani da shi. Na ba shi labarin Yaya da jinin Gardaya. Ya daina dariya, ya jera mini kai uku a kan gilashin kanta.

Ya taɓa na farko ya ce, "Wannan ba ruwanka da naɗi. Wayarsa da audugarsa a haɗe suke zuwa, in ta ƙone ka cire ka sayi wata ka ɗaura."

Na ce wannan na gan shi a Gardaya, riga kawai ya canza.

Ya taɓa na biyu. "Wannan da kanka za ka naɗa. Waya ɗaya tal, ga tankin gilashi a sama, ka cika ka rufe, ya wuni bai taɓa shi ba. Ruwan yana sauka ta 'yan hudojin nan ya jiƙa audugar. Zuƙarsa a matse take, kamar ta sigari. Mai barin sigari abin da bakinsa ya saba yake nema."

"Na ukun fa?"

Ya cire masa hula. Ciki kamar ɗan ƙaramin kasko ne na ƙarfe, ga ginshiƙai biyu, ga ƙusoshi, ga waya, ga auduga a fili. Babu tanki, babu gilashi. Ya ce shi wannan ɗiga masa ruwa ake yi kai tsaye a kan auduga, a zuƙa sau biyar ko shida, a sake ɗigawa.

Ya ce, "Wa zai sha, kai ko wanka?"

"Wana."

"Ya taɓa riƙe irin wannan?"

"Bai taɓa ba."

"To, huya, ɗauki na farko. In girman kanka ya hana, ɗauki na biyu. Na ukun ba na sabon shiga ba ne."

Da bai ce sabon shiga ba, da wataƙila na ji maganarsa. Na ce ya ba ni wayar. Na naɗa zagaye shida a jikin sukudireba, a jere kamar haƙoran mataji, na yanke, na ɗaura, na ɗaure ƙusoshi. Ya ɗora a kan ma'auni, ya duba, ya kalle ni. Ya kira wani abokinsa ya zo ya gani. Na ji kaina ya kumbura, ni da aka toshe wa hanci a bas da safe.

Ina da hujjojina, kuma ba na banza ba ne. Yaya a kan katakon gini yake wuni, gilashi ba zai yi mako a aljihunsa ba. Mai tankin in ba ka daidaita audugar ba yoyo yake yi, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki. Na ukun kuwa ka ɗaga hula ka ga komai. Maganar babanmu ta faɗo mini a rai, na ce wannan shi ne namu. Murad ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini shi, ya ƙara mini auduga kyauta. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu: kar in kuskura in sa wayar jan ƙarfe irin ta fanka, sai tasa, kar a kunna sai an auna, fil ɗin da rigarsa ta yage a jefar, auduga kar ta yi tsauri kar ta yi sako-sako. Duk abin da mutanensa kan yi kuskure a kai ya faɗa mini.

Yaya ya karɓa yana murmushi. "Wannan kuma fa? Bindiga ce ko sarewa?" Zuƙar farko ta shaƙe shi, ya yi tari har hawaye, ya ce ashe kashe shi na zo yi. Na rage hudar iska, na rage wuta. Ya sake gwadawa, wannan karon bai yi tari ba. Cikin mako biyu ya sauko daga kwali da rabi zuwa kara uku a rana, daga nan ya daina saye. Wata safiya na gan shi ya ɗauki buhun siminti daga ƙasa har hawa na huɗu bai tsaya ba, ya leƙo ta sama yana yi mini gwalo kamar yaro. Duk ranar Juma'a bayan masallaci nakan zauna in canza masa auduga, yana gefe yana ba ni labarin gidan da zai gina wa Inna, mai siminti, ba na ƙasa ba. A duk tafiyar nan ban yi farin ciki irin na waɗannan makonni ba.

Tarin bai tafi duka ba. Wata rana muna magana da Inna a talho ya kubce masa, ta ji. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki sai ga ƙulli, Malam Habu ya kawo shi Tamanrasat, daga nan ya bi hannu huɗu kafin ya iso mu. Ciki akwai kuka, da daddawa, da dakuwa da ta riga ta yi tauri, da kwalbar man habbatus sauda. Ta ce da ƙafarta ta je Mirriya, garin iyayenta, ta kai wa wani malami ya yi tofi a ciki. Ta ce ya sha cokali ɗaya da zuma, ya shafa a ƙirji. Yaya ya riƙe kwalbar ya daɗe yana shinshina murfin. Ya sha, ya shafa, kamar yadda ta ce.

Juma'ar da ta biyo ina canza auduga, ya zuba wa ɗan kaskon ido.

Ya ce, "Mutari, da muna yara in mura ta kama mu, me Inna ke mana?"

Na ce, "Surace. Ta sa magani a kasko, ta lulluɓe mu da zane."

"To wannan mene ne in ba kasko ba? Ga garwashinsa, ga audugarsa. Ciwo a ƙirji yake, ni kuma ina aika magani ciki ya yi zagaye. Ɗiga mini shi a nan ya tafi wurin kai tsaye."

Wallahi na ga hikimar maganar. Ban ji ko ɗar ba. Abin da aka yi wa tofi, abin da kowa a gida ya san magani ne, uwa ce ta aiko. Na ɗiga. Man ya yi kauri, ya toshe audugar, ya yi ta fantsama yana ƙauri, Yaya ya tofar ya ce, "Kai, bar shi, bai yi ba."

Ya ce a bar shi. Ina so a san wannan. Ni ne na ce ba a kawo mini abu ya gagare ni ba.

Kwana uku ina fama. Na sassauta audugar, na ƙara zagayen waya, na rage wuta, na sirka man da ɗan man zaitun da ruwan sigarin da Murad ke sayarwa, ina girgizawa kafin in ɗiga. A rana ta uku ya fito da hayaƙi mai kauri ba tare da ƙonewa ba. Yaya ya zuƙa ya yamutsa fuska, ya ce da ɗaci, na ce ai magani ba ya daɗi. Shagon Murad bai fi tafiyar minti goma daga wajen aikina ba, amma ban je na tambaye shi ba. Kunya nake ji Balarabe ya yi wa maganinmu dariya, kuma ban so mutumin da ya kira abokinsa ya ga naɗina ya ji ina tambaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Safe da yamma yake sha. Bayan mako biyu tarin ya ƙaru, muka ce magani ne ke fito da ciwo. Zazzaɓi ya biyo baya, muka ce sanyin teku ne. Ya fara tsayawa a hawa na biyu, daga baya a na farko. Duk lokacin da ya ji ƙirjin ya matse sai ya ƙara ɗigawa, ni kuma in ƙara gyara masa auduga. Haka muka yi kusan mako shida.

Wata ranar Talata da hantsi wani ɗan Mali da suke aiki tare ya zo shagonmu a guje, ya ce Yaya ya zauna a kan yashi ya kasa tashi. Na same shi leɓɓansa sun yi toka-toka, yana jan numfashi kamar mai shan fura da tsinke. Ba mu da takardu, kuma kowa ya san labarin waɗanda suka je neman magani suka ƙare a motar da ke mai da mutane iyaka. Mai aikin ya ce mu fitar da shi daga filinsa. Ban san kowa mai mota ba sai Murad. Ya rufe shagonsa da mutane a ciki suna jira, ya zo ya ɗauke mu ya kai mu gidan likita, ya shiga gaba ya yi magana a madadinmu.

Lokotoron, wato likitan, da ta karɓe mu mace ce, mai furfura a gaban goshi. Ba ta tambayi takarda ba. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin fitila, ƙasan huhun duka biyu fari kamar an watsa gari. Suka ba shi magunguna kwana uku, ba sauƙi. Suka zura masa wani siririn tiyo suka ɗebo ruwa daga huhun. Washegari ta kira ni ofishinta, Murad ya biyo ni don ya taya ni jin abin da Faransancina bai kai ba.

Ta ce, "Akwai mai a huhun ɗan'uwanka. Me yake shaƙa?"

Na fito da abin daga aljihu. Ta ɗaga hular ta shinshina, ta miƙa wa Murad. Ya shinshina, ya taɓa audugar, ya murza yatsunsa.

Ya ce, "Mai? Huya, mai ka sa?"

Na ce magani ne, daga gida.

"Wa ke sa mai a wannan? Me ya sa ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Na ce, "Ba ka ce kar a sa ba."

Ya dafe kansa da hannu biyu.

Matar ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ta ce man ba guba ba ne, ciki ya san yadda zai yi da shi, fata ma haka. Huhu ne ba shi da hanyar fitar da mai. Inda ya sauka nan yake zama, naman wurin ya kumbura, iska ta rasa wurin shiga. Na tambaye ta ko shi ne ya jawo wannan duka. Na so ta ce a'a. Ta ce sigari da siminti sun riga sun cinye rabi, man ya sauka a kan rabin da ya rage. Ba ta yi mini ƙarya ba, kuma a ranar na tsane ta saboda haka.

A mota Murad ya ce, ba don ya ƙona mini rai ba, shi da kansa yake magana, wai da mai tankin ne da wuya man ya bi ta hudojin nan, da ya toshe mun haƙura. Na san hannuna, da wataƙila na faɗaɗa hudojin.

Na faɗa wa Yaya da bakina, don ban ga wanda zan bar wa wannan aikin ba. Yana kwance da robar iska a fuska. Ya saurara har na gama, ya ɗaga robar.

Ya ce, "Dabarata ce."

Na ce, "Ka ce a bari, Yaya. Ni na ƙi."

Ya yi kamar zai yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya kamo wuyan rigata ya jawo ni kusa. "Saurara. Inna ba za ta ji wannan ba. Ko a bakinka, ko a bakin wani. Ka ce sigari ce. Shekara ashirin tana faɗa a bayan idona sigari za ta kashe ni. Bar ta ta ci gardama."

Ya yi kwana goma sha ɗaya a gidan likita. Ya cika ranar Asabar bayan azahar, ina riƙe da ƙafarsa ina matsa masa, don ya ce ta yi sanyi.

Mun rufe shi a wata maƙabarta a bayan gari, ana yayyafi. Ƙasar ja ce mai danƙo, tana manne wa shebur. Mu tara ne: 'yan Mali uku, ɗan Gine ɗaya, wani mutumin Dakusa da ban taɓa gani ba, ya ji an ce ɗan Damagaram ya rasu ya bar aikinsa ya zo, sai maigidana, da Murad, da mahaifinsa, tsoho mai sanda, wanda ya ja mana sallah. Da na je yi wa Murad sallama na ga ya manna takarda a jikin kanta, da Larabci da Faransanci, cewa kar a sa kowane irin mai. Ya ce duk wanda ya karanta dariya yake yi, yana tambayar wane ne zai yi haka.

Hanyar dawowa ban riƙe komai nata ba. Na iso Damagaram bayan an yi sadakar arba'in, mutane sun watse, gidan ya koma shiru. Matar Yaya tana takaba a ɗakinta. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, na faɗa mata abin da aka ce in faɗa.

Inna ta bari sai da na huta kwana biyu. A rana ta uku da hantsi ta kira ni rumfarta. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta tambaye ni ko an yi masa wanka yadda ya kamata, na ce an yi. Ko an samu masu sallah, na ce an samu, har da limami dattijo. Ko ya sha wuya, na ce da sauƙi. Ta gyaɗa kai, tana jan carbi.

Can ta ce, "Saƙona fa? Habu ya ce ya ba wani, wani ya ba wani. Ya kai gare ku kuwa?"

Na ce, "Ya kai, Inna."

"Man nan, ya yi amfani da shi? Ka san halin wanka da raina magani."

Na ce, "Bai raina ba. Safe da yamma, bai taɓa tsallake rana ba."

Ta ajiye carbin, ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi kukan da aka ce ba ta yi ba tun ranar da labari ya zo. Da ta share ido sai na ga fuskarta ta saki, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci ke nan, Mutari. Ina cewa ɗana ya mutu a ƙasar mutane, ba abin hannuna ko ɗaya a jikinsa. Ashe ya same shi. Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya masa a kai."

Na ce amin. Ta jawo ƙwaryar fura ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu. Tana kallo na, don haka na sha.